Albarkar Da Kika Ce Mini A Ƙofar Kasuwa

Ya ke sanyin idanuna, farin watan da ke haska gidan zuciyata, ruwan sama na farko a kan busasshiyar ƙasa! Ya ke sarauniyar ciniki, wadda 'yan kasuwa ke gyara zama idan sun hango gyalenta! Gaisuwa gare ki mai yawa, daga wanda kika laƙaba wa suna Kifin Rijiya, ya kuma amsa sunan da hannu bibbiyu saboda daga bakinki ya fito.

Masoyiyata, kin san ni, kin san halina. Ni ma'aikacin ɗakin karatu ne, aikina jera littattafai da ɗora yatsa a kan leɓe. Mutum uku suka taru a wuri, na fara neman ƙofa. Biyar suka taru, zufa ta fara tsattsafo mini har a tafin hannu. Ina sayayyata a shagon Baba mai gyangyaɗi da ke ƙarshen layinmu, inda daga ni sai shi sai rediyonsa, sai kyanwar da ke kwance a kan buhun sukari. Idan abin ya fi ƙarfin Baba, in tafi kantin nan mai ƙofar gilashi, da zarar sun buɗe, tun mai shara bai ajiye tsintsiya ba. Komai da farashinsa a manne a jiki. In ɗauka, in biya, in fita, ko tari ba wanda ya yi mini. A da, nan ne aljannar duniyata.

Ke kuwa? Ke da kasuwa kamar kifi da kogi! Ki ratsa layin 'yan yadi, ki faɗa na 'yan zare da maɓalli don ɗinkinki, ki leƙa wajen 'yan turare ko ba ki da niyyar saye, ki fito fuskarki na sheƙi kamar wadda ta dawo daga hutu. Kika ce mini kantina mai ƙofar gilashi asibiti ne, an dai manta ba a sa gadaje ba. Wane irin ikon Allah ne ya haɗa ni da ke?

Kin tuna ranar da kika fara shigowa wurin aikina neman littafin zanen riguna? Wayarki ta yi ƙara, kika ɗauka, kika shiga ciniki da mai leshi a tsakiyar masu karatu, murya a sake. Na taso a fusace, yatsana a kan leɓe. Kika ɗago ido kika dube ni. Wallahi yatsan nan ya daɗe a wurin, sai dai ba ke ya sa shiru ba, ni ya sa. Tun daga ranar nake raka ki kasuwa, amma iyakata bakin ƙofa, kusa da teburin mai yankan makulli. Ki shiga, ni in tsaya da jakarki kamar an dasa ni.

A nan ne, ranar da aka yi yayyafin nan, muna fake a ƙarƙashin lemar mai makulli, na tattaro duk jarumtar da na gada kaka da kakanni. Na ce da rashin tayi akan bar arha, duk da dai ke ba arha ba ce. Na ce ina son ki, kuma aurenki nake so in yi. Kika dube ni, kika dubi ƙofar kasuwa, kika sake dubana. Kika yi murmushin nan naki mai lotsa kumatu, kika ce, "Albarka." Kika shige cikin mutane, gyalenki ya ɓace mini.

Albarka! Ina ma kin ga tafiyata a ranar! Ban san na taka ruwa ba, ban san na wuce layinmu ba. Na gaida Baba mai shago har sai da ya farka. Na faɗa gidan Yayata ina haki, na ce ta taya ni murna, an amsa mini, har da sa albarka.

Yaya ta ajiye wankin da take yi, ta ce, "Tsaya tukuna. Me ta ce maka daidai?"

Na maimaita mata. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta share hawaye da bakin zani.

"Kai dai an yi ɗan ƙanina! Wato duk littattafan nan da kake kakkaɓe wa ƙura ba su koya maka ba? Idan ka taya kaya 'yar kasuwa ta ce maka albarka, ai ba ta sayar ba ke nan. Tayinka ya yi kaɗan. Ƙara, malam!"

Na san kalmar, hasken raina, na sha ganinta a rubuce. Amma mutumin da bai taɓa taya ko allura ba, ina zai ji ta da kunnensa har ya gane ta a ranar da zuciyarsa ke bugawa kamar ganga? Rashin sani ya fi dare duhu. Na kwana biyu ina jin kunyar ko madubi.

To me zan ƙara? Na san ba abin hannu kike nufi ba, don ke ce kike hana ni ɓarna. Na rasa mafita, na koma wajen mai makulli, wanda ya ga komai kuma bai taɓa sa mana baki ba. Bai ko ɗago daga injinsa ba ya ce, "Malam, Ummanta fa tana ciki, rumfarta na layin 'yan tangaran. Tun yaushe kake tsaye a nan kamar mai gadi, ko sau ɗaya ba ka shiga ka gaishe ta ba? Rannan ta wuce tana cewa, wai saurayin nan a rediyo yake, sai dai a ji labarinsa?" Ya hure makullin, ya ƙara da cewa mai shagon labule na kusa da ita kullum sai ya durƙusa ya gaishe ta, har kwali yake sauke mata, kuma ba don Allah kaɗai yake yi ba.

Wayyo zuciyata! Mai labule! Ashe ina tsaye a ƙofa ina gadin jaka, wani yana ciki yana gadin fada! A nan na gane duban da kika yi wa ƙofar kasuwa kafin ki ba ni amsa. Ba ki ce in sake hali ba, ba ki ce in so hayaniya ba. Ƙafafuna kawai kike so in ƙara a kan tayin.

Saboda haka jiya na yi gwaji, ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Na yi addu'a na kutsa. Mai baro ya yi mini tsawa, "Hanya! Hanya!" Na kauce masa na faɗa kan mai bokitai. Wata baiwar Allah ta ɗauka ni ɗan dako ne, ta miƙo mini kaya. Kafin in kai layin 'yan takalma an take mini dunduniya, takalmina na hagu ya tafi yawon duniya, har yanzu bai aiko ba. Dole ta sa na tsaya gaban mai silifa da ƙafa ɗaya, na yi tayin farko a rayuwata. Ya dube ni ya ce, "Albarka." Sai na fashe da dariya, har ya ɗauka taɓin hankali gare ni. Na ƙara. Ya girgiza kai. Na sake ƙarawa. Sai ya miƙo mini, ya ce, "Na sallama."

Na sallama! Ban taɓa jin kalma mai daɗinta ba! Na fito da silifa koraye shar, sun yi mini yawa, kuma Yaya ta ce an cuce ni. Ban damu ba. Ban kai layin 'yan tangaran ba, gaskiya ne, amma na hango rumfunan daga nesa, kuma ban mutu ba.

Ga ƙarin tayina, ya ke abar ƙaunata. Ranar Asabar zan zo, ba da sassafe ba irin na matsorata, sai rana ta take, kasuwa ta cika ta batse. Kada ki fito ƙofa tarbata, kada ki aiko a jagorance ni. Zan ratsa masu baro da masu bokiti da ƙafata, in durƙusa gaban Umma a kan idon mai labule, in gaishe ta, ta ga cewa saurayin rediyo yana da fuska. Ki dai matsar da kofunan gilashi daga kusa da ni. Ba zan yi miki ƙarya in ce zan so cunkoso ba. Har in tsufa shagon Baba zan fi so. Amma duk inda kike, ko tsakiyar mutum dubu ne, nan zan nufa.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan na gama gaisuwa na ɗago kai, kika ga tayin ya kai, ki faɗa mini kalmar mai silifa. Ki kula da kyau, don yanzu kunnena ya buɗe: "na sallama" nake jira, ba "na sallame ka" ba. Idan kuma kika sake cewa albarka, to ki sani ba zan koma gida ina rawa ba, ba kuma zan yi fushi in tafi ba. Zan gyara tsayuwa a gaban rumfar, in ƙara.

Naki, yau da gobe da ranar da gashinmu zai yi fari,
Kifin Rijiyarki, mai korayen silifa.