Abin da Na Hana Mas'uda Gani

Wurno, Litinin.

Zuwa ga jikata, amaryata Juwairiyya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lahiya, ke da mutanen Kaduna. Ni yau na tashi da sauƙin tari, sai dai gwiwa ta hana ni zuwa masallaci.

'Yar jaridar rediyon da kinka ba lambata, Mas'uda, ta kira. Ta ce za ta yi shiri kan manhajarku mai faɗa wa manoman albasa lokacin da ruwan madatsar Goronyo zai iso gonakinsu, kuma tana son ya fita kafin dashe. Na yi mata bayanin noman rani da kyau, shekaruna na malamin gona ba su tafi banza ba. Sai ta ce in nuna mata inda kunka aje rubutun da aka gina manhajar da shi, wai kowa na iya karantawa ya ɗauka. Nan na tsaya. Na ce mata ko masuncin Rima ba ya tona asirin sana'arsa ga baƙo, balle jikata. Ta ce to ba ta san mi za ta faɗa wa masu saurare ba.

Na tsare maki kayanki. Amma mi ya sa muryarta ta yi sanyi?

Kakanki,
Yusha'u

Wurno, Alhamis.

Juwairiyya,

Bayan gaisuwa, tarin ya dawo. Tun da kinka kira ni nake juya maganarki. Kin ce buɗe rubutun ga kowa shi ne labarin, kin ce wani ɗan Kenya da ba ku taɓa gaisawa ba shi ya gyara lissafin ruwan. Na ɗauka gayya ce. To ai gayya tana da mai gona, shi ke dafa tuwo. Wanga ɗan Kenya, wa ya ba shi abinci? In wani ya kwashe aikin ya sa sunansa, wurin wa za a kai ƙara?

Duk da haka na kira Mas'uda na ba ta haƙuri. Ta ce za ta biyo yau in ta taso daga Rabah. Na sa maƙwabcina Mode ya zauna a matsayinta, na gwada bayanin a kansa. Da na gama ya tambaye ni ko ni na gane. Na ce a'a, amma na hardace.

Na sa an dama fura, na saka rigar Juma'a, na shimfiɗa mata tabarma, na zauna a zaure. Duk babur da ya rage gudu sai na miƙe, da wagga gwiwa. Ki faɗa min gaskiya, ni na kashe shirin? Irin albasa ya kusa isa dashe.

An kira magariba. Mode ya shanye furar. Ba ta zo ba, wayarta ma ba ta shiga. Tabarmar dai ban naɗe ba.

Kakanki mai kewarki,
Yusha'u