A Buɗe Ɗakin Nan Mai Jan Ƙyalle a Ƙofa

Zuwa ga Shugaban asibitin da aka kwantar da 'yata Ummi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni tela ce a Dilimi, kuka na kawo maka.

Na farko, a daminar bara Ummi ta kama ciwon ciki. Sai ta ƙanƙame ƙafafu ta tsala ihu, can ta yi lamo. Da ta fara kashi da jini muka kawo ta. Likita ya ce hanjinta ne ya shige cikin kansa, kamar hannun riga in ya juye. Ya ce akwai na'ura mai siririn bututu da kyamara a baki, a zura ta, a hura iska a hankali, hanjin ya warware ba tare da wuƙa ba.

Na biyu, na'urar nan tana asibitinka. Wata nas 'yar Filato, Allah ya saka mata, ita ta nuna mini ta taga. Ga ta cikin leda, sabuwa dal, an ɗaure ƙofar da jan ƙyalle. Wai ba a taɓa ta sai oga ya zo ya ƙaddamar. Haba, ranka ya daɗe! Ciwo yana jiran biki ne?

Fiɗa aka yi wa Ummi, aka yanke wani sashe na hanjinta. Ta rayu, alhamdulillahi, amma har yau abinci ba ya zama mata a jiki.

Wani lokaci ina kan keken ɗinki, gajimare ya sauko kan duwatsun Jos, sai tunani ya ɗauke ni. In ga ƙofar a buɗe, 'yar fitilar na'urar tana tafiya cikin Ummi a hankali, hanjin yana saki yana miƙewa, ita kuwa tana barcinta. In ga mun hau keke-napep a Titin Bauchi, tana cin dankali a cinyata, cikinta sumul. Sai allura ta soke ni in dawo. Wallahi abin yana min ciwo.

Roƙona ke nan: a buɗe ɗakin, ko da biki ko babu, a sa wanda ya iya aiki da ita. Na leƙa da na kawo Ummi awo, ƙyallen har ya koɗe.

Allah ya taya ka riƙo, ya raba ka da tsayuwa a bakin ƙofa kullalliya da jikanka a kafaɗa.

Wassalam.

Maman Ummi, Dilimi, Jos.