Ni Ba Ɗan Amshi Ba Ne

Juma'a, 4 ga Oktoba, 2024

Na dawo daga gwajin kiɗa raina a ɓace.

Dattijo Wendel, mawaƙin 'yar ƙungiyarmu, zai tafi. Huruj niha'i, wato tafiyar da ba dawowa, ƙarshen wata. Ya gama aikin gyaran jiragensa, zai koma Jojiya ta Amurka. Ya ce kafin nan za mu yi wasan bankwana a istiraha, gidan shaƙatawar da muke haya a unguwar Shifa, kuma da sabuwar waƙarmu za mu rufe. Waƙarmu wai! Ni na zo da karin nan. Tun bazara nake jan sa, kwalbar turare sanye a ɗan yatsa ina zame ta bisa tsirkiyar jita, har maƙwabcina ɗan Sudan ya daina gaishe ni. Shi kalmomi kawai ya ɗora.

Sai ya tsaya gaban kowa yana yabona. Wai a ƙungiyar da ya yi wa waƙa yana saurayi, irin masu kiɗan rok na jihohin kudu a Amurka, jita ce ke amsa wa mawaƙi, kuma bai taɓa samun mai amsa masa kamar ni Jibirilla ba. Aka tafa. Yacouba mai ganga, mutumin Maraɗi, ya leƙo ya ce, "To ɗan amshi, barka hwa." Da wasa ya faɗa. Ban yi dariya ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ɗan amshi. Tun safe kalmar ke bin kunnena.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na kasa zama wuri ɗaya a ɗakin gwajin jini yau, har ogan namu ya tambaya ko lafiya.

Baba nake tunani, Allah ya jiƙansa. Rayuwarsa kaf a bayan wani mawaƙi ya yi ta a Gusau. Maigida a gaba da babbar riga, Baba a baya yana jira a dire baiti ya buɗe baki. Rediyo ta sa waƙa, a ambaci Maigida, a ambaci wanda aka yi wa waƙar, har dokinsa. Babu sunan Baba, babu Inuwa. Ranar da ya rasu, sanarwar da aka yi ita ce ɗaya daga cikin yaran Maigida ya rasu. Yaro, da furfurarsa.

A ranar na rantse ba zan tsaya bayan kowa ba. Shi ya sa ma na ɗauki jita na bar kalangu. Ashe na ƙetare teku ne don in zo in yi wa Bature amshi.

Talata, 8 ga Oktoba

Na kira Dattijo. Na shirya faɗa sosai, har na yi bitarsa a mota tun daga unguwar Jaradiya. Na ce ko dai ni in rera waƙar nan da bakina ranar bankwana, ko a nemi wani mai jita.

Ya ce mafi mushkila, wato ba matsala, da Larabcinsa mai kama da tari. In rera. Shi zai koma baya ya riƙe mini kiɗan rakiya.

Haka kawai? Duk faɗan da na tanada ya tashi a banza. Na yi nasara, amma na kasa cin abinci.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Kai.

Na tsaya a gaba. Muryata ba laifi, ni ma na sani. Na dire baitin farko, sai shiru. Ganga na tafiya, Dattijo na karkaɗa tasa jitar a baya, amma wurin nan da kwalba ta saba yin kuka, wayam. Na kai hannu in cike, numfashin baiti na biyu ya kuɓuce. Na koma kan waƙa, ramin ya sake buɗewa. Ba a yin biyun tare, ko dai ni ban iya ba.

Abin haushin, duk lokacin da na dire sai in ji na ɗan waiga. Wa nake nema?

Yacouba ya ajiye sanduna ya ce, "Wallai kamar mutum na sallama a gidan da ba kowa." Na ce ya kula da gangarsa. Dattijo kuwa ya hau haɗa kayansa, wanda ya fi zagi ciwo.

Asabar, 12 ga Oktoba

Laifin lasifika ne. Mako mai zuwa zai gyaru.

Laraba, 16 ga Oktoba

Dattijo ya biyo ta wurin aikina muka sha shayi a bufiya, ɗan shagon abinci na bakin titi. Na ɗauka lallashi ya zo yi, sai ya ɓige da labarin da. Wai a ƙungiyarsu ba a fara waƙa da kalmomi. Mai jitarsu ne zai zauna ya yi ta maimaita kari ɗaya, shi kuma yana zagaye ɗaki har kalmomi su zo su zauna a inda jita ta bar musu wuri. Ya ce tamu ma haka ya yi ta. Baitin nan na uku da nake cewa ya yi gajarta, ya yanke shi ne don kada ya taka mini ƙafa.

Na ce to me ya sa ya ce ni ke amsa masa? Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ruwa ke jiƙa. Bai ma san akwai zafi a maganar ba. Na so in ba shi labarin Baba, Turancin ya ƙi fitowa.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An canza lasifika. Bai gyaru ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na kira Inna bayan la'asar, wai gaisuwa. Na zagaya na zagaya, sannan na tambaye ta ko Baba ya taɓa jin haushin tsayuwa a baya.

Ta yi dariya har da tari. "Haushin me? Ai Maigida in babanku na mura fasa wasa yake." Ta ce bayan rasuwar ya gwada mutum nawa, ya dire baiti ya waiga, ya ga ba shi ba ne. Akwai waƙoƙin da bai ƙara rerawa ba har ya bar duniya.

Ya waiga. Ban gaya mata komai ba, ita ta faɗi kalmar da kanta.

Duk da haka rediyo ba ta ambaci sunansa ba. Wannan yana nan, ban yafe ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na tura wa Dattijo saƙo cewa mura ta kama ni, murya ta dushe, ya karɓi waƙarsa gobe a wasan bankwana. Ya amsa da cewa Allah ya sawwaƙe. Tsohon nan ya san lafiyata lau.

Na wanke kwalbar. Har yanzu tana ƙanshin turaren udu.

Juma'a, 25 ga Oktoba

An yi. Ya dire, na ɗauka. Ya dire, na ɗauka. A baiti na uku ya ja da baya daga makirfo ya bar ni ni kaɗai, ya daɗe bai dawo ba. Ban san me na kaɗa ba, na dai ga Yacouba yana share ido da kafaɗa, wai zufa.

Talata, 29 ga Oktoba

Mun kai Dattijo filin jirgin Sarki Khalid. Ba na son bankwana, ban daɗe ba.

Ƙanwata Sauda ta turo mini tsohon kaset ɗin su Baba da ta ɗauka a waya. Shi muka saka a hanyar dawowa. Maigida na ta zuba baiti, ni kuwa na ƙagu ya gama. Can sai ga muryar Baba, siririya, daga baya, daidai inda ake jiranta. Na mayar baya na sake ji, na kuma mayarwa.

Ban canza ra'ayi ba fa. Kawai dai da muka tsaya a danja Yacouba ya ce, "Ɗan amshi, miƙo ruwan nan," sai da na miƙa masa na lura na ce na'am.