Allo Ɗaya Tak Na Labarin Hanya

Laraba, bayan isha'i.

Alhamdulillahi, yau na yi maganin manhajar nan da nake rubutawa don sanar da halin hanya. Makon jiya ta haifar min da allo biyu, ɗaya ya ce hanyar Randagi a buɗe take, ɗaya ya ce a rufe. Saura ƙiris matan ƙungiyarmu su afka daji da buhunan gyaɗa. Ƙanina Sani har da dariya: "Yaya, ki koma wa littattafanki." Har yanzu raina tafasa yake.

Na mai da allon singleton, wato ɗaya tak, kowa shi zai karanta. Halin hanya kuma na mai da shi enum, wato ƙayyadadden zaɓi, guda uku: a buɗe, a rufe, sai da rakiya. Babu "wataƙila".

Sani ya gwada ƙirƙiro allo na biyu, manhajar ta ƙi. Na ce, "Sake gwadawa mana, gwani."

Gobe labari ɗaya matan za su ji.