Kunun Ɗangana

Yelwa, bakin tafkin Kainji

Zuwa ga maigidana Magaji,

Sallama irin ta Musulunci, da fatan kana lafiya kai da amaryar da ka guje ni dominta. Allah ya ƙara lafiya, ya kare ku daga sanyin Jos. Mu nan kalau muke. Innarka Delu ta warke daga ciwon ƙafa, 'yar'uwarka Barira ta haihu namiji, mai kunnuwa irin naka, Allah ya sa ya tsaya nan.

Abin da ya sa na ɗauki biro, ƙanenka Ɗangana ne. Tun da aka shiga kamun warangi, ƙananan kifin nan, ya daina barci, ya daina cin tuwo, sai surutu da tauna haƙora. Yana tuƙa jirgi kamar ana binsa, har abokansa masunta suna yaba masa. Innarka ta ce mutanen ruwa ne suka taɓa shi. Aka yi turare, aka sha rubutu, aka jefa farar kaza a kogi. Kifaye dai sun gode.

Ran Laraba ya ajiye goran kununsa a zaure, ni kuwa ka san ba na wuce kunu ban gaishe shi ba. Na kurɓa, na ji ɗaci, na ƙara. Magaji, ranar na daka geron gidanmu, na tsallaka na daka na Altine maƙwabciyarmu, na share tsakar gida har ƙasa ta yi rami. Sai da rana ta yi sanyi zuciyata ta hau bugu kamar za ta fito, washegari kuwa na kwanta kamar jiƙaƙƙen tsumma. Nan na gane aljaninsa a kasuwa ake sayar da shi. Ƙwaya ce, wadda suke kira a-ji-garau. Da na tsare shi ya ce kowa a bakin ruwa yana sha, kuma da yamma yakan haɗa da wata mai sa barci, wani lokaci da wiwi.

Makon jiya barcin da ya tara ya kama shi a tsakiyar tafki. Masuntan Ngaski ne suka tsinci jirgin yana yawo, shi yana kwance, hannu ɗaya cikin ruwa, ragar ta tafi. Suka kawo shi da azahar. Innarka har yanzu kaza take nema.

Na ji ka yi masa alkawarin injin jirgi. Kada ka aiko. Wanda filafili ya kai tsakiyar ruwa ya kwanta, inji kuwa har madatsar Kainji zai kai shi. Ka zo da kanka ka tafi da shi wurinka, a kai shi asibiti, ya zauna inda babu ruwan da ya wuce na tulu. Ya ce ba zai je ba, amma kai yana jin nauyinka.

Filafilinsa yana ƙarƙashin gadona. Kullum da safe yana zuwa roƙo, ina ce masa sai ranar da ya cinye malmalar tuwo a gabana. Sai dai Mamman abokinsa yana da filafili biyu, ni kuma gadona ɗaya ne. Ka hanzarta.

Ka gaishe da amaryarka Balaraba, da baffanka Ɗanjuma, da 'yar Hadiza. Innarka da Barira suna gaisuwa.

Matarka ta fari, wadda ka bari ba ko sabulu,
Kaka Tamada