Inna, Zan Tuƙa Jirgin Ruwa

Assalamu alaiki, Inna. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima.

Labari na kawo miki. Jikarki Sumayya, wadda kika bari tana rarrafe, yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Ta shirya mana hutun mako guda a Faransa, a kan koguna da hanyoyin ruwan da mutane suka haƙa da hannunsu. Wai ƙaramin jirgi za a ba mu haya, da ɗakin kwana da madafa a ciki, a miƙa mini makulli. Ni zan tuƙa.

Shekara talatin ina jan bas ɗin alhazai a nan Makka, daga tashar Kudai zuwa Harami, amma ban taɓa ganin kogi yana tafiya ba, sai ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsun unguwar Nakkasa. An ce jirgin ba shi da birki. To yaya ake tsayawa? An ce akwai ƙofofi da ake rufewa, ruwa ya cika, jirgi ya hau tudu. Na kalli bidiyon yadda ake yi sau bakwai. Kuma idan kogi ya yi kwana ana tsakiyar salla, ina alƙibla?

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Ko Jidda muka je, ba kya barin mu taka bakin teku. Kullum maganarki ɗaya: "Ni na gama da ruwa tun Cadi." Ban taɓa tambayarki dalili ba.

Shi ya sa na je unguwar Ka'akiyya wurin Inna Hadiza, ƙanwarki, in ji ko tafiyar nan saɓa miki ce. Na ce mata na ɗauka tsoron ruwa kike yi. Ta yi dariya har da tari. Ta ce ke ce kike tuƙa kwalekwalen Kaka a kogin Shari, tun kina 'yar shekara goma sha biyu, kuma ranar da aka sayar da shi za ku taho Makka, kwana uku ba ki ci abinci ba.

Ashe kewa ce, Inna. Mun zauna gida ɗaya shekara arba'in, ban san hannun da ke dama mini kunu ya iya sarrafa jirgi ba.

Zan je. Da kina nan, da ke za ki zauna a gaba kina gyara mini kuskure.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya zaunar da ke a Aljannar da ƙoramu ke gudana ƙarƙashinta.

Ɗanki da bai yi tambaya da wuri ba,
Usmanu