Ranar Shiga Rijiya

Tsamiyar Bako, ta Issawane
28 ga Disamba, 1983

Zuwa ga matata Zara'u, a Tasawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya nauyin jiki? Yaya Baba da Inna, da ɗawainiyarki da suke yi? Allah ya sauke ki lafiya.

Kin sha gaya mini bakina zai jawo mini wata rana. To, ya jawo. Ran Juma'a na ji a rediyo cewa ƙasa ta girgiza a can ƙasar Gine ran Alhamis, ƙauyuka sun rushe, mutane da yawa sun mutu. Wani masani ya yi bayani da Faransanci, wai in babbar girgiza ta wuce ƙanana kan biyo baya, kuma motsin yakan ratsa ta ƙarƙashin ƙasa har ya taɓa ruwan rijiya a wuri mai nisa. Ba wanda ya aike ni. Bayan la'asar na zauna ƙofar masallaci na juya wa mutane shi da Hausa tas, har ina zane a ƙasa da tsinke, ina jin daɗin yadda suka saki baki suna kallona, ni malamin lakwal, makarantar boko.

Nan take wani ya ce ai ran Alhamis da safe matarsa ta ja ruwa ya fito jajir. Kin san rijiyarmu ɗaya ce, zurfinta gaba talatin da bakwai, kuma bana da damina ta ƙi, rabin guga laka ce. An riga an ɗauko Mai Nasara, mahaƙin rijiyar nan na Gidan Amumune, don ya yashe ta ya ƙara zurfi. Da labarina ya iske shi, sai ya nannaɗe igiyarsa. Ya ce ƙasan rairayi ne zalla, ko tari ƙasa ta yi mutum ya binnu.

Na yi ta cewa Gine da nisa ƙwarai, ba mai saurare. Ni kaina tun ranar in na taka ƙasa sai in ji kamar ba a tsaye take ba.

Ki gaida kowa, amma kada Baba ya ji wannan.

Naki,
Ishaƙu

Tsamiyar Bako
9 ga Janairu, 1984

Zara'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu saƙonki, na gode da yajin. Yaya ƙafar, ta rage kumburi?

Ni dai tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Jandarmomi biyu sun zo lakwal a gaban yara. Suka ce an ajiye ni nan don karatu, ba don tsorata talakawa ba. Sun ba ni mako ɗaya: ko a fara aikin rijiya, ko in shiga mota in je in yi bayani. Kin san wannan zamani na soja, wanda ya shiga motar nan ba a tambayar ranar dawowarsa.

Ruwa kuwa ya koma tulu ɗaya ga kowane gida. Makiyaya sun kora dabbobinsu sun yi kudu, gida shida sun fara ɗaure kaya.

Mai Nasara ya yarda ya shiga, amma bisa al'adarsu. Ashe mahaƙa ba su shiga rijiya sai an ba su rana. Wanda ya ba da ranar shi ke zama bakin rijiya riƙe da ƙaramar igiya da aka ɗaura wa mahaƙi a damtse. In ya ga abin tsoro ya fizga, a jawo mutum. Rijiyar da aka fizgo mutum daga cikinta kuwa ba a sake shiganta sai bayan wata damina. Liman Ɗan Malam ne ke ba da rana kullum. Wannan karon ya ce shi taurari da kwanakin wata ya sani, motsin ƙasa kuwa a tambayi Mushe (haka suke kirana a nan, wato malam da Faransanci), tun da shi ya kawo labarin.

Na aika wa abokina Abdurrahamane da ke koyarwa a Maradi. Amsarsa ta zo jiya. Ya ce duk duniya ba mai iya faɗin ranar da ƙasa za ta motsa. Abin da masana suka sani kawai, haɗarin yana raguwa in kwanaki suna tafiya, kuma a nisa irin namu kaɗan ne ƙwarai. Na tambayi kaina, kaɗan ɗin nan nawa ne ga mutumin da ke gaba talatin da bakwai a ƙasa?

Yau da hantsi dattawa suka taru suka zuba mini ido. Na yi kamar mai lissafi, sannan na ce Alhamis. Wallahi Zara'u ba ni da wani dalili sai cewa ranar ba lakwal.

Ki yi mini addu'a, ki sa Inna ma ta yi.

Mijinki,
Ishaƙu

Tsamiyar Bako
14 ga Janairu, 1984

Zara'una,

Ina gaida ki, ina gaida su Baba. Ina fata jiki da sauƙi. Abin da zan rubuta ki karanta ke kaɗai.

Ran Alhamis da sassafe Maimuna, matar Mai Nasara, ta zo ta durƙusa ta yi mini godiya, wai hankalinta ya kwanta tun da mai ilimi ne ya duba. Ƴaƴansu biyar. Ban iya kallon idonta ba.

Na cika tasa da ruwan shana na ajiye gabana, don in ƙasa ta motsa in gani. Aka zura shi. Tun ina hangen kansa har duhu ya haɗiye shi, sai ƙarar dagi daga can ƙasa. Shanu biyu suna jan guga cike da rairayi, ni kuwa ido kan tasa, igiya a hannu.

Bayan azahar ruwan tasar ya yi rawa. Na gani da idona, ya yi zobe-zobe daga gefe zuwa tsakiya. Shanun a tsaye suke, ba mota, ba iska. Gwiwata tana kusa da tasar, kuma jikina ɓari yake tun safe, to ban sani ba ko ni ne, ko ƙasa ce. Har yanzu ban sani ba. Ba wanda ya lura sai ni.

In na fizga, rijiya ta rufu ke nan sai baɗi, gari ya watse, ni kuma mota. In ban fizga ba, ga mutum a ƙasa. Na riƙe igiyar nan har ta yanke mini tafin hannu, ina salati, ina jiran in ji rugugi. Ban fizga ba, Zara'u. Kuma ba zan yi miki ƙarya in ce don gari na ƙi ba. Motar na tuna.

Ruwan ya kwanta. Kafin magariba aka jawo Mai Nasara jiƙe har ƙirji yana dariya, ya iske idon ruwa. Mata suka yi ta guɗa, masu ɗaure kaya suka kwance, Maimuna ta kawo mini zakara. Na kasa cin komai har yau.

Ɗazu amalanke ya tsaya ƙofar gida da dattawa uku daga wani gari da ake kira Sarkin Hausa. Tasu rijiyar gaba arba'in da biyar ce, ita ma ta ƙafe. Mai Nasara ya ce musu zai shiga, amma ya rantse daga yanzu ba ya ƙara shiga rijiya sai da ranar Mushe Ishaƙu. Na ce musu ban san komai ba, suka yi murmushi suka ce haka masu sani ke faɗi.

Suna zaure yanzu. Na ce su jira in gama wasiƙa, shi ya sa kika ga ta yi tsawo, ga shi kuma takardar ta ƙare.

Allah ya sada mu da alheri.

Naki har kullum,
Ishaƙu